Baƙo a Bakin Gulbi: Zaman Abdulkarim Barth a Gwandu da Tafiyarsa Zuwa Sayi a 1853

 



GABATARWA

Batun da aka ɗora mini shi ne in yi magana a kan matafiyan da suka sauka a biranen bakin kogi, suka zauna na ɗan lokaci, sa'an nan suka bar mana labarin abin da suka gani. Wannan fage ne mai faɗi ƙwarai, kuma Larabawa sun daɗe da ba shi suna, watau rihla. Wanda ya fi shahara a cikinsa shi ne Ibn Battuta, mutumin Tanja ta ƙasar Maroko, wanda ya bar gida a 1325. Wajen 1345 ya kai ƙasar Sin, ya sauka a birnin da Larabawa ke kira Khansa, watau Hangzhou ta yau, birni mai kogi da tafki da magudanan ruwa da jirage ke bi. Ya ce bai taɓa ganin birni mai girmansa ba, ya kuma ba da labarin yadda aka fita da shi shan iska a jirgin ruwa, mawaƙa suna rera waƙa da harshen Sin da Farisanci da Larabci. Shi dai wannan mutum, a 1353, ya yi kamar wata guda a Gawo, a bakin Kwara, ya yabi shinkafarta da madararta da kifinta. Amma duk da yawan abin da idonsa ya gani, ya tafi kabari yana zaton Kwara ita ce kogin Nilu na Masar.

Na kawo wannan ne domin ya nuna mana halin baƙo tun daga farko. Baƙo yakan lura da abin da ɗan gari ya saba da shi har ya daina gani, amma kuma yakan yi kuskure a inda ƙaramin yaro na garin ba zai yi ba. Ba zan kai ku ƙasar Sin ba a yau. Zan tsaya a ƙasar da ke tsakanin Gwandu da Kalgo, inda garuruwa irin su Dalijan da Kambaza da Gulumbe da Diggi suke, domin mu duba zaman wani baƙo da ya sauka Gwandu a damanar 1853, ya ratsa fadamar Gulbin Kabi, ya isa birnin Sayi a bakin Kwara. Abin da nake so mu gane shi ne, mafi darajar abin da wannan baƙo ya tafi da shi daga ƙasarmu, daga cikin gafakar wani malamin Gwandu ya fito, kuma irin wannan gafaka tana nan har yanzu a gidajenmu.

WANE NE ABDULKARIM?

Sunansa na yanka Heinrich Barth, Bajamushe ne, an haife shi a Hamburg a 1821. Ya yi karatu mai zurfi a Jami'ar Berlin, ya kuma koyi Larabci tun kafin ya shigo ƙasashen nan. Gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyar da ya shiga, kuma manufarta ita ce a san hanyoyi, a ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna, a kuma nemi hanyar rage fataucin bayi. Su uku suka tashi daga Tarabulus a watan Maris na 1850: James Richardson, wanda shi ne shugaba, da Adolf Overweg, da Barth. Richardson ya rasu a 1851 kafin ya kai Kukawa, Overweg kuma ya rasu a 1852 a bakin Tafkin Cadi. Barth ya saura shi kaɗai.

Ya laƙaba wa kansa suna Abdulkarim domin sauƙin kira, amma a ƙasar Hausa da Barno bai ɓoye cewa shi Kirista ba ne. Kafin ya zo mana ya riga ya ga Agadas da Katsina da Kano da Kukawa da Yola, ya kuma iya Hausa da Barbarci gwargwadon yin hira da mutane ba tare da tafinta ba. Wannan shi ya bambanta shi da yawancin Turawan da suka zo kafinsa da bayansa. A watan Nuwamba na 1852 ya bar Kukawa ya nufo yamma da niyyar zuwa Tambutu. Ya bi ta Damagaram da Katsina, ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a watan Afrilu na 1853, ya yi kamar wata guda a Wurno, ya ziyarci Sakkwato. A can ne ya karanta Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahi da Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello, ya kuma san Malam Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu ta wajen 'yarsa Hadiza, wanda Barth ya ɗauka a kan yana cikin mafiya ilmin mutanen zamaninsa. Ku riƙe sunan wannan malami, za mu komo kansa.

GWANDU DA KABI A WANCAN LOKACI

Ba za a fahimci abin da Barth ya tarar ba sai an koma baya kaɗan. Daular Kabi ta kafu ne a farkon ƙarni na 16 a hannun Muhammadu Kanta, wanda ya yi Surame babban birninsa. Ƙarfinta ya dogara ne a kan gulbi: fadama mai ba da shinkafa, da su, da jiragen ruwa, da mashigai waɗanda dole fatake su bi in za su yamma. Wajen 1700 aka mai da gadon sarauta Birnin Kebbi. A 1805 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci wannan birni, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita, kuma a shekarar ce Shehu Usmanu ya komo Gwandu da jama'arsa. Ba a daɗe ba aka yi yaƙin Alwasa, inda jama'ar Shehu suka sha wuya ƙwarai, har abokan gaba suka biyo su ƙofar Gwandu kafin a kore su. A 1812 Shehu ya raba aikin tafiyar da daula, ya ba Malam Abdullahi yamma, ya ba Bello gabas. Bayan rasuwar Shehu a 1817 Gwandu ta zama mazaunin Malam Abdullahi, a nan kuma hubbarensa yake.

Wanda ke kan gado lokacin zuwan Barth shi ne Halilu ɗan Abdullahi, wanda ya yi sarauta daga 1833 zuwa 1858. Ƙasashen da ke bin Gwandu a lokacin sun haɗa da Nupe da Ilori da Yawuri a kudu, da Dandi da Arewa da Zabarma da wani sashe na Gurma a yamma, har zuwa Liptako. Amma shekara huɗu kafin isowar Barth, watau a 1849, Yakubu Nabame ɗan Sarkin Kabi Karari ya ɗaga tuta a Argungu, Arawa da Zabarmawa da Dandawa da yawa suka mara masa baya. Nan da nan hanyar yamma ta zama abin tsoro, garuruwan bakin gulbi suka zama fagen fama. Cikin wannan hali ne baƙon namu ya iso Gwandu ran 17 ga Mayu, 1853.

KWANA 18 A GWANDU

Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne mazaunin garin. Ya zo yana tsammanin babban birni a kan tudu, sai ya tarar da gari madaidaici a cikin kwari, tuddai sun kewaye shi, rafi ya ratsa tsakiyarsa. Amma da ya shiga sai ya yaba ni'imarsa: itatuwa masu inuwa, da lambuna, da ayaba, da albasa wadda ya ce ta fi ta sauran wuraren da ya bi girma da kyau. Ya lura cewa masaƙan Gwandu gwanaye ne, sai dai rininsu bai kai na Kano da Nupe sheƙi ba, amma duk da haka ana neman tufafinsu har can yamma da Kwara. Kasuwa kuwa ya same ta ba ta da armashi, ya kuma danganta wannan da rashin zaman lafiya, domin abokan gaba suna da sansani a wuraren da ba su kai tafiyar yini guda ba.

Waɗannan ƙananan bayanai suna da amfani ga mai nazarin tarihi. Malamanmu na wancan zamani sun rubuta fiƙihu da tauhidi da tarihin yaƙe-yaƙe, amma ba safai suke ambaton albasa ko rini ko abin da ake sayarwa a kasuwa ba, domin kowa ya san su. Baƙo ne ke rubuta irin wannan, kuma a nan ne ya fi yi mana rana.

Sai dai zaman bai yi masa daɗi ta wajen fada ba. Tun daga ranar da ya sauka har ranar da ya tashi, bai sa Sarkin Gwandu a idonsa ba. Halilu ya riga ya janye jikinsa daga jama'a, yana zaman ibada da karatu, ba ya fita sai ta kama. Saboda haka sai gaisuwar Barth ta bi ta hannun wani Balarabe da ke shiga tsakani. Aka komo masa da cewa gaisuwar ta yi kaɗan in an gwada da wadda ya kai wa Sarkin Musulmi, aka yi ta kai da komo, har sai da ya ƙara da ƙananan bindigogi biyu masu adon azurfa. Sa'an nan aka ba shi izinin wucewa, da takardar da ta yarje wa 'yan kasuwar Ingila su shigo ƙasar.

Barth ya fusata, kuma fushinsa ya fito a rubutunsa. Ya kwatanta Halilu da mai zaman zuhudu wanda bai dace da mulkin ƙasa mai fama da yaƙi ba. To, a nan ne ya kamata ɗalibi ya yi hattara. Mutumin da aka hana shi ganin sarki, aka kuma karɓe masa abin da yake ji da shi, ba shi ne za a tambaya halin sarkin ba. Halilun nan shi ne ya yi shekara 20 yana riƙe da daula kafin Barth ya zo. A zamaninsa ne Gwandu ta taimaki Ilori a kan rundunar Oyo da Bargu, kuma shi ne ya shiga tsakanin 'ya'yan Malam Dendo a Nupe, ya ɗauke Usman Zaki ya kawo shi ƙasar Gwandu, inda ya zauna har ya koma Nupe wajen 1857. Daɗin daɗawa, gudun duniya da nisantar ƙawar sarauta gado ne a gidan, domin mahaifinsa Malam Abdullahi ya taɓa barin jama'a ya nufi gabas saboda ƙyamar son duniyar da ya ga ya fara shiga cikinsu, sai mutanen Kano suka tsai da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami. Abin da Barth ya kira rauni, mutanen Gwandu da yawa tsoron Allah suka ɗauke shi. Gaskiya ne tsaron ƙasa ya yi sako-sako a ƙarshen zamanin Halilu, amma hukuncin kwana 18 bai isa ya rufe aikin shekara 25 ba.

LITTAFIN MALAM BUHARI

Jinkirin da aka yi masa a fada shi ya zama alheri gare shi. Tun a ƙasar Sakkwato Malam Abdulƙadir ɗan Tafa ya ba shi labarin wani littafin tarihi na daular Songhai. A Gwandu sai ya sami littafin a hannun Malam Buhari ɗan Muhammadu Wani, watau jikan Malam Abdullahi. Malam Buhari ya ara masa, ya yi kwana uku ko huɗu yana kwafar abin da ya fi muhimmanci a ciki, cikin gaggawa, domin littafin babba ne kuma lokaci ya ƙure. Littafin nan shi ne Tarihus Sudan.

Ya kamata mu tsaya mu auna girman wannan abu. Kafin wannan rana, abin da masanan Turai suka sani game da Songhai bai wuce ɗan abin da Hasanul Wazzan, wanda suke kira Leo Africanus, ya rubuta a ƙarni na 16 ba, da 'yan gutsattsarin labarai daga marubutan Larabawa. A cikin littafin Malam Buhari kuwa ga jerin sarakuna, ga labarin Sunni Ali wanda ya yi mulki daga 1464 zuwa 1492, ga Askiya Muhammadu da hajjinsa, ga malaman Tambutu da Jenne da sunayen malamansu da ɗalibansu, ga kuma zuwan rundunar Maroko da yaƙin Tondibi na 1591 wanda ya rusa daular. Barth ya aika da abin da ya kwafa zuwa Jamus, aka buga shi a mujallar masana harsunan gabas a 1855, tun kafin shi kansa ya gama rubuta labarin tafiyarsa. Daga nan ne masu cewa Baƙar Fata ba su da rubutaccen tarihi suka fara rasa abin faɗa.

Har ila yau littafin ya shafe mu kai tsaye, domin a cikinsa akwai labarin Kanta. Ya nuna cewa Kanta ya raka Askiya Muhammadu yaƙin Agadas, da aka komo sai saɓani ya tashi a kan rabon ganima, Kanta ya ɓalle wajen 1516, kuma rundunar Songhai ba ta iya mai da shi ba. Watau ke nan ɗaya daga cikin tsofaffin shaidu a rubuce game da kafuwar Kabi yana ajiye a gidan malami a Gwandu, a daidai lokacin da Gwandu ke yaƙi da jikokin Kanta.

Amma ga kuskuren baƙo. Barth ya sanar da duniya cewa mawallafin littafin shi ne Ahmadu Baba, mashahurin malamin Tambutu, kuma an yi shekaru ana maimaita wannan. Alhali kuwa Ahmadu Baba ya rasu a 1627, littafin kuma ya kawo labarai har zuwa wajen 1655. Mawallafin na gaskiya shi ne Abdurrahman as-Sa'adi, wanda aka haifa a Tambutu a 1594, ya kuma yi limanci a Jenne. Sai a ƙarshen ƙarni na 19, bayan Faransawa sun sami cikakkun kofe, Octave Houdas ya buga matanin Larabci a 1898 da fassarar Faransanci a 1900, magana ta daidaita. Gaggawa ce ta jawo wannan, domin as-Sa'adi ya ɗauko bayanai masu yawa daga Ahmadu Baba, kuma wanda ke tsallake shafuka yana iya zaton mai maganar guda ne.

DAGA GWANDU ZUWA SAYI

Ran 4 ga Yuni Barth ya bar Gwandu. Damana ta riga ta sauka. Ya bi ta Kambaza da Gulumbe, yana ganin gonakin shinkafa da garuruwa masu ganuwa kusa da juna, waɗansu cike da mutane, waɗansu kuwa yaƙi ya mai da su kufai. A Birnin Kebbi ya ga kangon tsohon birni da faɗin ganuwarsa, da sabon garin da aka kafa kusa da shi. Ya tsaya a bakin tudu ya hangi fadamar gulbi shimfiɗe a ƙasa, kore shar, iyakar ganin ido. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin da damana ya san abin da ya gani.

Daga nan ya bi ta Kola da Zuguru da Diggi, waɗanda biyun ƙarshe suna cikin Ƙaramar Hukumar Kalgo a yau, ya ratsa fadama da raƙumansa da ƙyar, ya isa Zogirma da Tilli. Fadamar da ta ƙayatar da shi daga kan tudu ita ce ta wahalshe shi da ya sauka cikinta, kuma ita ce dalilin da ya sa yaƙin Kabi ya ƙi ƙarewa. Dawakin Gwandu da Sakkwato ba su da ƙarfi a cikin taɓo da ruwa, Kabawa kuwa gidansu ne. Bayan Tilli sai daji mai hatsari, wanda sai da 'yan rakiya ya shige shi, har ya kai kwarin Foga, inda ya ga yadda ake tace ƙasa a dafa ruwanta a sami gishiri. Wannan gishiri yana cikin abubuwan da ake faɗa a kansu, domin wanda ya riƙe Foga ya riƙe wata babbar hanyar samun kuɗi.

Ran 20 ga Yuni ya tsaya a gaɓar Kwara, Sayi tana tsallake. Ya ƙiyasta faɗin kogin a wurin ya kai yadi 700, aka ƙetare da shi da kayansa a manyan jirage masu tsawon ƙafa 40, waɗanda aka yi da kututture biyu da aka ɗinke a tsakiya. Sayi gari ne na malamai, wanda ya bunƙasa a farkon ƙarni na 19 saboda Alfa Muhammadu Jobbo, kuma ɗansa Abubakar ne ya karɓi Barth. Kogin ya burge shi ƙwarai, amma garin ya same shi a ƙasa-ƙasa, da zafi mai tsanani, hatsi kuma ya yi tsada saboda yaƙi ya toshe hanyoyi. Mai garin ya nuna masa sha'awar a ce wata rana jirgin Turawa ya hauro kogin da kayan ciniki. Bayan 'yan kwanaki ya wuce yamma. Da ya kusanci ƙasar Masina sai ya shiga kiran kansa sharifi don tsoron ransa, abin da bai bukaci yi a Gwandu ba. Ya shiga Tambutu ran 7 ga Satumba, ya zauna a ƙarƙashin kariyar Shehu Ahmadul Bakka'i na Kunta, sa'an nan ya komo ta Gawo da Sayi, ya sake ratsa Gwandu a watan Agusta na 1854. Ya isa London a 1855, ya buga littafinsa juzu'i biyar a 1857 da 1858, ya rasu a Berlin a 1865.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Akwai wani abu game da rubutun Barth da ya kamata a faɗa a gaban jama'a irin wannan, wadda ta haɗa jikokin ɓangarorin biyu. Ko'ina ya ambaci Kabawa, 'yan tawaye yake kiransu. Dalili kuwa a fili yake: a Wurno da Gwandu ya sauka, takardunsu ya riƙa, labarinsu ya ji, bai taka Argungu ba. Baƙo da bakin mai masaukinsa yake magana. A wurin Kabawa, abin da Nabame ya yi ƙwato 'yancin gidan ubansa ne. An kashe Nabame a 1854, Sarkin Gwandu Haliru ya faɗi a fagen fama a 1860, aka yi sulhun da ake kira Lafiyar Toga a 1867, daga baya yaƙi ya sake tashi har zuwan Turawa. Sai a 1934, da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa bikin su a gulbi, aka rufe wannan babi, kuma daga nan ne bikin kamun kifin Argungu ya ɗauki siffar da aka san shi da ita.

Jirgin da mai garin Sayi ya yi fata kuwa ya zo, amma ba da ciniki kaɗai ba. A 1885 Joseph Thomson ya zo Sakkwato da Gwandu neman yarjejeniya a madadin kamfanin Ingilishi da ke ciniki a Kwara. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a kan taswira daga Sayi zuwa Baruwa a bakin Cadi, suka raba ƙasar da yawancin masu rabon ba su san ta ba sai ta littattafan matafiya irin su Barth. An yi ta gyara layin daga baya, amma ƙarshenta Sayi da Foga suka faɗa hannun Faransa, Gwandu ta shiga hannun Ingila a 1903, aka mai da mazaunin sarkinta Birnin Kebbi a 1906. Ba za mu ɗora wa Barth laifin abin da aka yi shekara 25 bayan mutuwarsa ba. Sai dai mu lura cewa ilmin da aka tara game da ƙasa, wanda ya adana shi shi ke cin amfaninsa.

Kada kuma mu manta cewa akwai Bahaushe a cikin wannan tafiya. Dorugu, yaro daga ƙasar Damagaram wanda Overweg ya 'yanta, ya bi Barth har Tambutu, ya kuma bi shi Turai. A Ingila ya ba Fasto Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi cikin Magana Hausa a 1885. Ya komo gida, ya rasu a Kano a 1912. Ga mu da rihla da harshenmu, wadda ta juya madubi ta kalli Turawa da idon baƙo, amma ɗalibai nawa ne a wannan zaure suka taɓa buɗa ta?

KAMMALAWA

Jama'a, zan taƙaita da abu uku.

Na farko ga ɗalibai. Ku karanta matafiya, domin suna ɗauke da abin da babu shi a wani wuri. Amma kowane shafi ku tambaye shi: a gidan wa marubucin ya sauka, kwana nawa ya yi, wa ya yi masa bayani, me ya ɓata masa rai a ranar? Sa'an nan ku gwada maganarsa da rubutun malamanmu da abin da tsofaffi suka riƙe. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na dindindin yana Kalgo, kusa da hanyar da Barth ya bi. Ɗalibin da ya ɗauki littafinsa ya bi sawunsa daga Kambaza zuwa Tilli, yana tambayar dattawan kowane gari, zai komo da abin da ya isa digiri.

Na biyu ga ma'aikata. Kuna fita rangadi, kuna kwana a garuruwan da babu wanda ya taɓa rubuta kome a kansu. Rahoton da ya faɗi abin da ake nomawa, da farashin kasuwa, da inda ruwa ya kai a bana, da sunan rijiya da na mashigi, yau ana ganinsa aikin ofis ne kawai, amma nan da shekara 100 shi ne tarihi. Ku rubuta shi da kyau, ku kuma tabbata an adana shi.

Na uku ga mu duka. Tarihus Sudan bai zo Gwandu da kansa ba. Wani ya kwafe shi da hannu, wani ya ɗauko shi, wani ya saye shi, Malam Buhari ya kiyaye shi daga gara da ruwa da gobara a cikin shekarun yaƙi. A gidajen malamai na Gwandu da Dalijan da Kalgo da sauran garuruwan gulbi akwai gafakoki da aka gada, waɗanda magadan ba su iya karanta abin da ke ciki ba. Mun ga yadda aka ƙone littattafai wajen 4,000 a cibiyar Ahmadu Baba ta Tambutu a 2013, mun kuma ga abin da ambaliyar 2010 da ta 2020 suka yi wa garuruwan fadama. Akwai wuraren da aka tanada domin wannan aiki, kamar Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, kuma a yau ana iya ɗaukar hoton littafi shafi-shafi ba tare da ya bar hannun mai shi ba. Abin da ya rage shi ne a je, a yi sallama, a nemi izini cikin ladabi, a rubuta sunan kowane littafi da mawallafinsa da mai shi. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Abdulkarim ya yi kwanakinsa ya wuce, gafakar kuwa a hannunmu aka bar ta.

 Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙon amanar da suka bar mana.